Yadda Ake Gwada Inganci da Saitin Bindigar Wasan Harbi 'Yar Caina Mai Harsashin .22

Ƙanina ne ya kira ni daga garin da yake zaune a yammacin Kanada, bai daɗe da karɓar lasisin riƙe bindiga ba, ya kuma shiga ƙungiyar masu wasan harbi ta yankinsu. Ya ce, "Yaya, na ga wata bindigar Norinco 'yar Caina a shago, kuɗinta bai kama ƙafar na CZ 'yar ƙasar Cek ba. In saya ko in haƙura in ƙara tari?" Na ce masa, "Ƙanina, ba zan iya ce maka saya ko bari daga nan ba, domin ba sunan da ke jikinta za ka harba ba, ita wannan guda ɗayar da ke gabanka za ka harba." Amsar da na ba shi ranar ta yi gajarta, shi ya sa na zauna na rubuta ta dalla-dalla, don shi da duk wanda ke da izinin hukuma yana son shiga wannan wasa da ƙaramin kuɗi. Magana ce ta filin harbi mai rajista da takardar saiti. Wanda ke gida Najeriya ya san dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba lasisi, kuma kowace ƙasa da tata dokar, ita ake fara bi.

Mun saba da cewa araha ba ta ado, kuma da an ce abu ɗan Caina ne sai a taɓe baki. A kan waɗannan bindigogi maganar rabinta gaskiya ce. Abin da na gani cikin shekarun da na yi ina harba su shi ne: bututun, wanda shi ne ran bindiga, sau da yawa mai kyau ne, wani lokacin har ya ba ka mamaki. Inda aikin ke yin rauni shi ne gamawa, wato sassaƙar katako, gogewar ƙarfe, laushin kunama, da zaman notuna. Kuma biyu da suka fito daga kwali ɗaya suna iya bambanta kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Saboda haka dubawa da gwaji su ne komai.

Fara da sanin wadda ke hannunka

Norinco kamfanin gwamnatin Sin ne da aka kafa a 1980, kuma sunan da yake bugawa a jikin kaya ya rufe masana'antu da yawa. Wadda aka fi sani ita ce JW-15, bindiga mai sakata, wato ƙarfen da ake ja a tura da hannu don ɗura harsashi, da gidan harsashi mai cin biyar, an kwaikwayi ƙirarta daga Brno Model 2 ta ƙasar Cekoslobakiya, ƙirar shekarun 1950 wadda daga baya ta zama CZ 452. Wannan asali yana da amfani gare ka, domin ƙira ce da ta daɗe tana aiki, kuma galibi gidan harsashin CZ 452 yakan shiga JW-15. Akwai JW-25, wadda ake kira TU-KKW, an yi mata siffar bindigar horon sojan Jamus ta Mauser, da JW-23 mai cin harsashin .22 Magnum. Akwai JW-20 mai ɗura kanta, kwaikwayon Browning SA-22. Sai kuma waɗanda ba a cika jin sunansu ba, NS522 da EM332, waɗanda aka fi nufin su da harbin takarda. In saiti kake nema, ka tsaya kan masu sakata, ka bar masu ɗura kansu.

Za ka lura ba a cika samun su a Amurka ba, sai tsofaffin da suka shiga da wuri. Dalili shi ne a 1994 gwamnatin Clinton ta hana shigo da irin waɗannan bindigogi da harsasai daga Sin, a 2003 kuma aka ƙaƙaba wa Norinco takunkumi. Shi ya sa kasuwarsu ta koma Kanada, Ostiraliya, Niyu Zilan da wasu ƙasashen Turai irin su Faransa. Kada kuma ka ɗauka Sinawa baƙi ne a wasan harbi: lambar zinare ta farko da ƙasar ta ci a gasar Olamfik, a Los Anjeles a 1984, Xu Haifeng ne ya ciyo ta da ƙaramar bindiga a nisan mita 50. Sun san saiti. Abin da ake aikowa waje da araha dai ba a ba shi lokacin da ake ba na gasa ba.

Harsashin kansa ma ka san shi. Shi .22 LR ya fito tun 1887, kaurinsa milimita 5.6, dalmarsa ta yau da kullum giren 40, wajen giram 2.6. Ba shi da hular tayar da wuta a tsakiyar gindi kamar manyan harsasai. Sinadarin yana cikin leɓen gindin kwanso ne a zagaye, allurar bindiga ta daki gefen, wuta ta tashi. Ƙanƙantarsa kada ta ruɗe ka. A jikin kwalinsa ake rubuta gargaɗin cewa yana iya yin ɓarna a nisan da ya wuce kilomita guda da rabi.

Dubawa a shago, kafin kuɗi ya bar aljihu

Da an miƙo maka ita, bakinta ya kalli inda ba kowa, ka cire gidan harsashi, ka buɗe sakata, ka leƙa da idonka ka tabbatar mazaunin harsashi fanko ne. Ko mai shagon ya riga ya duba, kai ma ka duba. Sannan ka roƙi a cire maka sakatar gaba ɗaya, ka ɗaga bututun wajen haske ka leƙa ta baya. Sababbi sukan zo da giris mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, don kada su yi tsatsa a jirgin ruwa, to sai an zura tsumma sau biyu ko uku kafin ka ga komai. Abin da kake nema shi ne tsagin da ke murɗe a cikin bututun ya fito tsaf daga farko har ƙarshe, ba ramukan tsatsa, ba wani zobe mai duhu a tsakiya. Zobe irin wannan alama ce ta kumburi, an taɓa harba harsashi a kan wani da ya maƙale. In ka gan shi, ajiye ta, kada ka yi ciniki.

Daga nan ka juya ga leɓen bakin bututu, nan ne nake daɗewa fiye da ko'ina. Wurin nan ne na ƙarshe da dalma ke taɓawa kafin ta fita, kuma in gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo ko da da kaurin gashi ne, iskar da ke tura ta za ta riga fita ta gefe guda ta karkatar da ita. Ka haska tocilar waya, ka duba ko ramin yana tsakiya daidai, ko akwai tabo. Ka ɗauki ɗan tsinken goge kunne mai auduga, ka sa kansa a bakin, ka juya a hankali, ka zare. In zaren auduga ya maƙale a wani gefe, akwai ƙaya ta ƙarfe a wurin. Wannan aibi ne mai gyaruwa, maƙerin bindiga mai lasisi zai sake yanka leɓen da ɗan kuɗi, amma ka sa shi cikin lissafin ciniki.

Sai mazaunin harsashi. Ka dubi gefensa na sama, inda allura ke sauka. Idan an yi ta danna kunama ba harsashi a ciki, allurar takan daki ƙarfen ta bar ɗan lotsawa, sai kwanso ya riƙa wuyar shiga da wuyar fita. Wannan ya fi yawa a ta hannu, amma na taɓa ganinsa a sabuwar da ta daɗe a kan teburin shago kowa na wasa da ita. Kai ma kada ka danna kunama a fanko. Ka nemi harsashin roba na gwaji ko tsohon kwanson da aka riga aka harba.

Mayar da sakata ka ja ta ka tura sau goma. Ƙaiƙayi da ɗan gurzawa ba abin tsoro ba ne a sabuwar 'yar Caina, wanki da amfani suna kawar da shi. Abin tsoro shi ne hannun sakata ya rufe sakwa-sakwa, ko ya riƙa motsi gaba da baya bayan an kulle. Leɓen kwanson .22 kaurinsa wajen milimita 1.1 ne, kuma tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da bututu dole ta yi kusa da haka. In ta yi yawa, wuta ba za ta riƙa tashi iri ɗaya ba, saiti ya watse. Maƙeri na da ma'aunin wannan tazara. Ka kuma lura da makullin kariya: a ƙirar Brno turawa gaba ne ke kullewa, ja baya ne ke buɗewa, akasin yawancin bindigogin Amurka. Wanda ya saba da wata dole ya koya wa hannunsa wannan tun ranar farko.

Abu na ƙarshe a shago, wanda ni ban duba ba lokacin da na sayi tawa ta farko, shi ne tsagi biyu da ke saman bindiga inda ƙafafun madubin hange ke kamawa. Na kai ta gida cike da murna, na ɗaura madubi, na je fili, na murɗa saitin gefe har ya ƙure amma harsashi na faɗuwa taƙi guda hagu da inda nake nufi. Kwana uku ina zargin madubin. Sai wani dattijo a ƙungiyarmu ya karɓe ta, ya ɗora dogon rula na ƙarfe a kan tsagin, ya ce in tsaya ta baya in duba. Ƙarshen rular ya kauce wa bakin bututu ƙarara. An yanka tsagin a karkace tun daga masana'anta. Shagon da na saya suka ce na riga na harba ta, ba mayarwa. Sai da na sayi ƙafafun madubi masu saitin gefe kafin ta daidaita, kuma abin ya yi mini ciwo domin dubawar minti ɗaya ce da ta raba ni da wannan. Ka tafi da rula. Ka kuma auna faɗin tsagin, domin akwai na milimita 11 akwai na kashi uku cikin takwas na inci, ƙafafun wannan ba sa kama wancan da kyau.

Wanki da shiri a gida

Kada ka harba ta yadda ta fito daga kwali. Ka kwance notunan ƙasa, ka raba ƙarfe da katako, ka wanke giris ɗin nan tas da man wanke bindiga da tsohon buroshin haƙori. A cikin sakata yake ɓuya, kewaye da sifirin ɗin allura, kuma a sanyin Kanada yakan daskare ya rage ƙarfin bugu har harsashi ya ƙi tashi. Sau da yawa za ka ga ɓurɓushin ƙarfe yana fitowa tare da shi, ragowar aikin inji ne da ba a share ba. Shi ne rabin gurzawar da ka ji a shago. Bayan wanki, ɗigon mai kaɗan ya isa.

Bututu kuwa ta baya ake wanke shi, ta inda aka cire sakata, da sanda mai rufin roba, don kada a goge leɓen baki. Yayin da kake tura tsumma mai ɗan matsi, ka saurari hannunka. Bututu mai kyau yana riƙe tsumman iri ɗaya tun daga farko, ko ya ɗan ƙara matsewa wajen baki. In ka ji ya matse a tsakiya sannan ya saki sarai kusa da baki, ka rubuta wannan a littafinka, domin in daga baya ta ƙi tara harsashi wuri ɗaya, wataƙila nan ne dalilin, kuma wannan ba ya gyaruwa da araha.

Yanzu dubi cikin katakon. Yawanci za ka tarar da sassaƙa mai kaushi, wani wuri fenti ya taru ya yi tudu. Mayar da ƙarfen, ɗaure notuna, ka ɗauki takarda siririya ka zura tsakanin bututu da katako daga gaba zuwa baya. Inda ta tsaya, nan katako ke taɓa bututu. Taɓawa ta gefe ɗaya ita ce mugu, domin katako na kumbura da damshi yana ƙanƙancewa da bushewa, sai saitinka na yau ya bambanta da na gobe. Ka naɗa sanfefa a jikin ɗan sanda mai kaurin bututun, ka goge wurin kaɗan-kaɗan, kana gwadawa, ka shafe inda ka goge da man katako. Amma kada ka yi wannan aiki kafin gwajin farko. Ka fara harba ta yadda take, ka sami ma'auni, sannan ka taɓa abu ɗaya, ka sake gwadawa. Wanda ya gyara abu huɗu a rana ɗaya ba zai san wanne ya taimaka wanne ya ɓata ba.

Kunama takan zo da nauyi da jan ƙafa, ka ji tana tafiya tana gurzawa kafin ta saki. Na san akwai masu ɗaukar zarto su hau goge haƙoran da ke riƙe allura. Ina roƙonka kada ka yi. Ƙarfen wurin taurinsa na iya zama a fata kawai, in ka goge shi ka isa mai laushi, wata rana bindiga ta tashi da kanta lokacin rufe sakata. Wanke ta, sa mata ɗigon mai, in ba ta yi ba ka kai wa maƙeri. Duk lokacin da aka taɓa kunama kuma, ka gwada ta fanko da harsashin roba: ka ɗana, ka rufe sakata da ƙarfi, ka bubbuga gindinta a kan tabarma. In ta saki, ba ta zuwa fili.

Gwajin fili

Nisan gwaji mita 50 ne, shi ne nisan gasar Olamfik ta doguwar bindiga mai wannan harsashi. Ka zaɓi safiya mai shiru. Iska mai gudun kilomita 16 a awa, wadda ke kaɗa ganye kawai, tana iya tura dalmar .22 kusan inci guda a wannan nisa, wato fiye da bambancin da kake ƙoƙarin aunawa. Ka kafa 'yan sanduna biyu ko uku tsakaninka da takarda, ka ɗaura musu ƙyalle mara nauyi, ka riƙa harbi sa'ad da suka kwanta iri ɗaya. Tabarau na kariya da abin toshe kunne dole ne, ko da ƙararta ba ta da yawa.

Bindiga kake gwadawa, ba kanka ba, don haka ka cire hannunka daga lissafi gwargwadon iko. Teburi mai ƙarfi, jakar yashi a ƙarƙashin katakon gaba, ƙarama a ƙarƙashin gindi. Bututu kada ya taɓa jaka. Kowane harbi katakon ya zauna a wuri ɗaya, kumatunka ya sauka a wuri ɗaya da nauyi ɗaya. Madubin hange ya zama wanda ka amince da shi, ko ka ara daga wata bindigar da ka san saitinta. Wanda ake haɗowa kyauta a kwali ba abin gwaji ba ne. Ka gwada shi haka: ka ajiye bindiga a kan jaka ba ka taɓa ta, ka motsa kanka hagu da dama kana leƙawa. In gicciyen da ke cikin madubin yana yawo a kan takarda, madubin ba a daidaita shi da mita 50 ba, kuma wannan kaɗai na iya buɗa maka rami da milimita da yawa.

Harsashi shi ne rabin magana. Ka zo da iri huɗu ko biyar, duk masu matsakaicin gudu: CCI Standard Velocity, SK Standard Plus, wani daga Eley, wani daga Lapua ko RWS. Gudunsu wajen mita 325 zuwa 330 ne a daƙiƙa, ƙasa da gudun sauti, wanda yake wajen mita 343 a yanayi mai ɗumi. Masu saurin gudu suna fita sama da gudun sauti su faɗo ƙasa da shi a hanya, kuma galibi ba sa tara rami kamar waɗannan. A tsananin sanyi gudun sauti na sauka zuwa wajen mita 331 a lokacin da ruwa ke ƙanƙara, kakin da ke jikin dalma ma yana taurara, don haka gwajin hunturu ba ya zama hukunci kan bindiga. Ka ajiye kwalin harsashi a aljihun ciki in dole ne ka fita cikin sanyi.

Kakin nan yana da wani tasiri da sababbi ba su sani ba. Kowane kamfani da irin nasa, kuma bututu sai ya shafu da sabon kaki kafin ya natsu. Duk lokacin da ka sauya iri, ka zura busasshen tsumma, ka harba goma a gefen takarda ba ka ƙirga su ba, sannan ka fara. Bututun da aka wanke tas ma haka yake, harbin farko yakan kauce.

Ga kowane iri, ka yi gungu biyar, kowane gungu harsashi biyar, a kan ɗigo biyar dabam-dabam. Kada ka taɓa saitin madubi a tsakani. Ba tsakiyar ɗigo kake nema ba tukuna, taruwar ramuka kake nema. Gara ma su faɗa ɗan gefe, don kada su cinye ɗigon da kake kallo. Aunawa kuma da kalifa ake yi, wato ma'aunin ƙarfe mai baki biyu: ka nemi ramuka biyu mafi nisa da juna, ka auna daga bakin waje zuwa bakin waje, ka cire milimita 5.6, wato kaurin dalma, abin da ya rage shi ne girman gungun. Ka tara biyar ɗin ka raba gida biyar. Wannan matsakaicin shi ne gaskiyar bindigarka. Gungu ɗaya mai kyau kowa na samunsa wata rana, kuma shi ake ɗauka hoto ana nunawa. Wanda ya kauce ma ka ƙirga shi, sai fa in ka san tun kafin ka leƙa cewa kai ne ka fizgi kunama, ka kuma rubuta haka nan take.

To, nawa ne mai kyau? Masu harbi na auna saiti da abin da suke kira MOA, wanda a mita 50 yake daidai da milimita 14.5. Zoben maki goma na takardar gasar duniya a wannan nisa faɗinsa milimita 10.4 ne, kuma bindigogin Anschütz, Walther da Bleiker da ake gasa da su an yi su ne su zauna cikin wannan. Kada ka auna 'yar Caina da wannan mudu. A nawa hukuncin, in matsakaicinta ya tsaya ƙasa da milimita 25 da harsashin da take so, bindiga ce lafiyayya ta koyo da atisaye. In ta sauko wajen 15 zuwa 18, ka yi dace, riƙe ta da kyau, za ta shiga ƙananan gasannin ƙungiya ba kunya. In ta wuce 35 da kowane iri a rana mai shiru, akwai abin da ke damunta. Tawa, bayan an gyara leɓen baki an sassauta katako, ta sauko daga wajen 30 zuwa ƙasa da 20 da SK, amma da wani harsashi mai tsada fiye da shi ba ta yi kusa da haka ba. Tsada ba ta sa bututu ya so harsashi.

Karanta takarda

Siffar gungu tana faɗa maka inda ciwon yake. Ramuka da suka jeru sama da ƙasa sukan nuna gudun harsashi bai zo ɗaya ba, ko bugun allura ya yi rauni, ko notunan ƙasa ba su zauna ba. Ka tsinci kwansunan da ka harba ka jera su a tafin hannu: tabon allura ya zama mai zurfi, iri ɗaya, a kan leɓe daidai. In wani zurfi wani sama-sama, koma ga sakata da sifirin ɗinta. Ramuka da suka jeru hagu da dama galibi iska ce, ko yatsanka na tura kunama gefe. Gungu da ya rabu gida biyu, uku nan biyu can, kusan kullum wani abu ne ke motsi, ƙafar madubi ko ƙarfe a cikin katako. Huɗu a rami ɗaya guda a can nesa, in yana maimaituwa, ka zargi gidan harsashi: ka ɗura ɗaya ka fitar da shi ba ka harba ba, bakin bindiga na kallon fili, ka duba ko an kankare dalmar a gefe. In haka ne, gwada sa harsashi ɗaya-ɗaya da hannu ka ga ko gungun ya haɗe.

Notunan ƙasa sun cancanci rana guda tasu. Katakon waɗannan bindigogi yana da ɗan laushi, in ka ɗaure da yawa sai ya lotsa, in ka sassauta ƙarfe ya yi rawa. Da sukudireba mai auna ƙarfin ɗauri, ka fara daga wajen nutan-mita 2, ka harba gungu biyu, ka ƙara kaɗan, ka sake. A wasu samfuran ƙirar Brno akwai noti na gaba da ke kama bututun kansa. Shi ne ya fi sauya saiti, wani lokaci sassauta shi kaɗan ke haɗe gungu. In ka sami inda ta fi so, rubuta lambar, ka riƙa mayar da ita nan duk bayan kwancewa.

Kada ka yanke mata hukunci a fitar farko. Sabon bututu mai ɗan kaushi yakan natsu bayan 'yan ɗaruruwan harbi, sakata ma ta yi laushi. Ka maimaita gwajin gungu biyar ɗin a ranaku uku dabam da harsashin da ya yi fice. In ya tabbata, duba lambar rukunin da ke jikin kwalinsa ka sayi da yawa daga wannan rukuni, domin iri ɗaya ma yakan bambanta daga rukuni zuwa rukuni. In kuma saiti ya fara lalacewa bayan ta daɗe tana yi da kyau, ka fara duba gaban mazaunin harsashi, inda baƙin zoben toka da dalma ke taruwa. Buroshi da ɗan man wanki a wannan wuri kaɗai sukan dawo da ita.

Ni littafi nake ajiyewa a cikin jakar bindigar, kowace fita da shafinta: kwanan wata, sanyi ko zafi, iska, irin harsashi da rukuninsa, ɗaurin noti, da gungu biyar da matsakaicinsu, takardar kuma in naɗe ta in maƙala. Kafin ka bar fili ka cire gidan harsashi, ka buɗe sakata, ka leƙa, ka sa tutar da ke nuna fanko ce. Ka wanke hannunka da sabulu da ruwan sanyi kafin ka ci wani abu, domin dalma guba ce kuma tana manne wa yatsu. A gida bindiga ta shiga akwatinta a kulle yadda dokar wurin ta tanada, harsashi ma a kulle, makulli inda yara ba sa kaiwa.

Ƙanina ya koma shagon da rula, tocila da tsinken auduga. Uku suke da su a ajiye, ya sa aka fito masa da duka. Ta farko auduga ta maƙale a bakinta, ta biyu sakatarta na motsi bayan an kulle, ya ɗauki ta uku. Ya turo mini hoton takardarsa ta farko, gungu biyar a jere, kowanne da lambarsa a rubuce a gefe da biro, ya ce, "Yaya, matsakaicin 23 ne da CCI, ban taɓa komai ba tukuna." Na ce ya bar katakon yadda yake sai ya gwada sauran harsasan uku.